Yadda zaka auna bakin rijiya kafin kaje wajen mai walda

Wallahi rijiya a buɗe cikin gida mai yara abin tsoro ce, shi yasa na matsa sai mun yi wa tamu murfin ƙarfe. Karon farko ta ciki na auna, murfin ya zo ya kasa zama a kan baki, kuɗi suka tafi a banza. To ga yadda ake yi.

Fara duba tef ɗinka, fuska biyu gare shi, ɗaya inci ɗaya santimita, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta. Ƙananan zanen nan na fuskar santimita milimita ne, 10 daga cikinsu su ne santimita 1, santimita 100 kuma mita 1. Inci 1 santimita 2.54 ne, kaga idan kace wa mai walda 120 kawai baka faɗi ko menene ba ai ka haɗa rigima.

Samu igiya wadda bata miƙewa, banda roba, ka zagaya bakin rijiyar ta waje har ta dawo inda ka fara, ka ƙulla alama, sai ka shimfiɗa ta a ƙasa ka auna. Wannan shi ne zagaye. Yanzu raba shi da 3.14 a kalkuletan wayarka, abin da ya fito shi ne faɗin rijiyar daga gefe zuwa gefe ta tsakiya. Tamu ta bada santimita 377, da na raba sai ga 120, wato mita 1 da santimita 20. Wannan 3.14 ɗin ita ce pai da aka koya mana a makaranta, wasu suna amfani da 22/7, kuma ko murfin tukunya ko tayar Keke Napep ka auna, zagayen ya ninka faɗin sau uku da ɗan ɗoriya.

Me yasa ba za a ɗora tef a tsakiya kawai ba? Saboda da ido ba ka gane tsakiyar rami, kana kaucewa kaɗan awon ya ragu, ga kuma leƙa rijiya ba daɗi.

Rabin faɗin, wato 60, shi mai walda zai ɗaura a igiya da alli ya zana da'ira a kan fallen ƙarfe. Falle mai ƙafa 4 faɗinsa kusan santimita 122 ne, namu da ƙyar ya shiga. Idan naka ya wuce haka ka gaya masa tun farko zai yi haɗi, kuma ka rubuta masa awon a takarda harda cm, wato santimita, a gefe.