Kafin ka sayi albarushin .223, fara da kan harsashi

'Yan'uwa masu ɗura harsashi da kansu a nan Amurka, ga shawara: kada albarushi ya zama farkon abin da za ka saya. Zaɓi kan harsashin da za ka harba tukuna. Sannan ka buɗe jadawalin awon albarushi na Hodgdon, kamfanin da ke sayar da albarushi, kyauta ne a intanet, ka ga albarushin da aka gwada da kai mai wannan nauyin.

Dalili shi ne saurin ƙonewa. A harsashi samfurin .223 Remington, kai mara nauyi na giren 55 (giren shi ne ma'aunin nauyin kan harsashi) yana tafiya da albarushin H335. Ƙwayoyin H335 ƙanana ne, suna zuba daidai daga ma'auni. Kai mai nauyi na giren 69 ko 77 kuwa ya fi dacewa da mai ƙonewa a hankali irin Varget, wanda zafi da sanyi ba sa canza shi sosai. Ga mai harbi a hunturun jihar Minesota, wannan babban abu ne.

Sayi na laba 1. In bindigarka ta karɓe shi, ka ɗauki na laba 8, ya fi sauƙin kuɗi.

Fara daga mafi ƙarancin awon jadawali, ka ƙara kaɗan-kaɗan.

Zancen Varget bai shafi ƙaramin kwanso irin .22 Hornet ba. Nan sai mai sauri kamar Lil'Gun.

Kuma don Allah a kula: albarushin H4895 daban, IMR 4895 daban, kowanne da awonsa. Albarushin zamani mara hayaƙi kada ka taɓa zuba shi a adaka, zai iya fasa ta a hannunka.