Yadda zaka tura takardar da ke hannunka ta imel daga kwamfutar tebur

Ina da ɗan shagon fotokwafi da buga takardu a kan hanyar Yelwa nan Bauchi, kuma kusan kullum sai wani ya shigo da takarda a cikin leda ko ambulan yace Malam dan Allah a tura min wannan ta imel, yau ne ranar ƙarshe. Ɗaliban jami'ar ATBU, masu neman aiki, 'yan kwangila, harda dattawa masu bin haƙƙinsu na fansho. Aikin bashi da wahala wallahi, amma akwai wurare uku ko huɗu da mutane ke zamewa, kuma in an zame ba'a sani sai bayan sati biyu ance maka ai bamu ga komai ba.

Bari in fara da takardar kanta, don anan ake yawan yin ɓarna tun kafin a taɓa kwamfuta. Cire fil ɗin sitefula, ka miƙar da takardar in ta nannaɗe, sannan ka goge gilashin sikana da ƙyalle mai laushi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya akan komai, ɗigon ƙura ɗaya sai ya fito kamar aya a tsakiyar lambar shaida. Ka kifa takardar fuskarta na kallon gilashi, ka daidaita ta da kusurwar da aka yiwa alamar kibiya. In takardar mai shara-shara ce har rubutun baya yana lekowa, ɗora baƙar takarda a bayanta kafin ka rufe murfin.

Akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare daga wajen Dass, da yazo min da takardar ɗaukarsa aiki, ta tsufa har tayi ruwan ƙasa, gefenta duk ya cinye wajen ninki. Yace ɗana, na biya an tura a wani shago, amma ofishin sunce babu sa hannu babu hatimi, alhali gasu nan kana gani. Na karɓa na duba nace Baba ai takardarku doguwa ce, irin fulsikaf ɗin da, gilashin sikana kuwa iyakarsa A4, wato tsawon milimita 297, shiyasa ƙasan takardar ya yanke, kuma a ƙasan nan sa hannun yake. Wanda ya tura bai buɗe ya duba ba. Abinda nayi shine na rage girmanta a injin fotokwafi ta dawo A4 na ɗauki wannan, sannan na sake ɗaukar ƙasan asalin takardar daban mai kala don hatimin ya fito sosai, na haɗa su fayil ɗaya. Duk mai irin wannan doguwar takarda ya kula da wannan dan Allah.

Toh yanzu sikanin. Kowace firinta mai sikana tana zuwa da manhajarta, in babu kuma Windows tana da Windows Fax and Scan. Ni dai NAPS2 nake amfani da ita, kyauta ce, kuma tana baka dama ka ɗauki shafi bayan shafi, ka juya wanda ya kife, ka jera su yadda kake so, sannan ka adana duka a PDF guda ɗaya, wato irin fayil ɗin da ke haɗa shafuka dayawa waje guda. Abu biyu zaka saita. Na farko dpi, wato yawan ɗigon da injin ke ɗauka a kowane inci, wasiƙa ta yau da kullum 200 ya isheta, satifiket ko takarda mai ƙananan rubutu ka sa 300. Kada ka sa 600 kana ganin kamar ka kyautata, fayil ɗin ne zai kumbura a banza ya cinye maka data. Na biyu kala. Wasiƙar da baƙin rubutu ne kawai ka zaɓi Grayscale, ruwan toka kenan, amma sakamakon WAEC ko NECO, takardar gama bautar ƙasa, takardar shaidar ƙaramar hukuma mai hoto da tambari, waɗannan ka ɗauke su da kalarsu. Akwai zaɓin baƙi da fari zalla, bana sonshi ga tsohuwar takarda don yana cinye biro mai haske da hatimin da ya dusashe.

In da Windows Fax and Scan ka ɗauka zaka ga hotuna ta baka, bata bada PDF. Ba matsala. Shiga foldar, ka zaɓi hotunan duka, danna maus na dama ka zaɓi Print, a wajen zaɓen firinta ka ɗauki Microsoft Print to PDF, tana cikin Windows 10 da 11 dama, ka cire alamar da ke kan Fit picture to frame don kada ta yanke gefe, shikenan zata haɗa maka su. Sai dai ka sa musu lamba 1, 2, 3 a suna tun farko saboda su jeru daidai.

Me yasa nake nacewa akan PDF ɗaya? Ka tuna wanda zai karɓa, wataƙila ma'aikaci ne da saƙo ɗari a gabansa, ka tura masa hotuna goma sha biyu a warwatse wannan a kife wannan a kwance, bazai zauna yana jera maka ba. Sai dai in su da kansu sukace kowace takarda daban, toh sai kabi yadda sukace.

Suna kuma. Kada ka bar Scan0007 ko IMG kaza. Sa sunan mai takardar da abinda take, misali sunanka sannan satifiket ɗin digiri, gajere, da haruffan boko na yau da kullum ba tare da masu ƙugiya ba don wasu kwamfutocin suna hargitsa su. Ka ajiye a inda zaka gani da sauri, ko kan Desktop ne.

Kafin ka buɗe imel danna maus na dama akan fayil ɗin ka shiga Properties kaga nauyinsa. Gmail iyakarsa megabait 25, Yahoo ma haka, manhajar Outlook ta kwamfuta kuwa yawanci a 20 take tsayar da kai. Kuma wani abu da mutane basu sani ba, fayil yana ƙara nauyi kusan kashi ɗaya cikin uku lokacin da aka shirya shi don tafiya ta imel, kaga mai megabait 20 sai ya koma kusan 27, ya dawo maka kana mamaki. Sannan akwatin wanda zaka turawa ma yana da nashi iyakar, na wasu ofisoshi ƙarami ne. Ni a shagona ina ƙoƙari kada in wuce 5, da irin netwok ɗinmu ma hakan yafi kwanciyar hankali. In yayi nauyi koma ka sake ɗauka da dpi ƙasa, ko ka raba gida biyu ka rubuta kashi na 1, kashi na 2.

Yanzu maƙalawa. Outlook da Thunderbird manhajojin imel ne na kwamfuta. A Outlook danna New Email, a Thunderbird kuma maɓallin sabon saƙo, ko ka danna Ctrl da N a kowacce. Nemi alamar ɗan ƙarfen nan na maƙale takardu, a Outlook an rubuta Attach File, a Thunderbird Attach, ko a Thunderbird ɗin ka danna Ctrl da Shift da A. Zaɓi fayil ɗinka, zaka ga sunansa da nauyinsa sun bayyana, a Outlook ƙarƙashin layin take, wato Subject, a Thunderbird can ƙasa. Zaka iya jawo fayil ɗin da maus ma ka saki a cikin saƙon. Akwai wata gajeriyar hanya, danna maus na dama akan fayil ɗin ka zaɓi Send to sannan Mail recipient, a Windows 11 sai ka fara danna Show more options, amma wannan sai in an saita manhajar imel a kwamfutar. Wanda ya saba da tsohuwar manhajar Mail ta Windows kuma ya sani Microsoft sun daina tallafa mata tun ƙarshen 2024, sun mayar da mutane sabuwar Outlook.

Abu biyu ka kiyaye anan. Kada ka shigar da takardar ta Insert Pictures, wannan cikin jikin wasiƙar zata zauna kamar ado, mai karɓa ya rasa yadda zai sauke ta. Kuma in fayil ɗin yana OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, Outlook zata tambayeka ko mahaɗi (link) zata tura ko kwafi, zaɓi Attach as copy, don mahaɗin sau dayawa sai ya ƙi buɗuwa a wajensu.

Ni sai na maƙala fayil nake rubuta saƙo, adireshi kuwa shine ƙarshe, saboda kada hannu ya danna Send saƙo ya tafi fanko. Layin take kada ka barshi babu komai, rubuta abinda ake nema da sunanka ko lambar fayil ɗinka. Jikin saƙon layi uku ya isa, gaisuwa, ga abinda na maƙala shafi kaza ne, ga lambar wayata. Adireshin ka karanta shi harafi harafi, in a takarda aka rubuto maka da hannu kira ka tabbatar, ɗigo ɗaya ya ɓace shikenan.

Sannan abinda na roƙe ka kada ka tsallake, danna fayil ɗin sau biyu daga cikin saƙon kafin ka tura, ya buɗe, ka ƙirga shafukan, ka ƙara girmansa ka karanta lambobi da kwanan wata, ka sauka har ƙasa kaga sa hannu. Ni juya allon nake yi in nunawa mai takarda, Hajiya duba ki gani haka kike so? Sai tace eh nake dannawa.

Bayan ka danna Send kada ka tashi. Outlook ba kamar buɗe Gmail a burauza bane, saƙon yana fara zama a Outbox, akwatin saƙonnin da ke jiran fita, in netwok ya yanke ko aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu kafin a tada janareto, nan zai kwana baka sani ba. Ya taɓa faruwa da yaron shagona, takardar neman tallafin karatun wata ɗaliba ta kwana biyu a Outbox, Allah ya taimaka ta dawo tambaya kafin a rufe, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Don haka duba Outbox kaga babu komai, in akwai danna F9, in tsohuwar Outlook ce ka kuma leƙa Send/Receive ka tabbatar Work Offline ba'a kunne yake ba. Thunderbird ita in ta kasa turawa tana faɗa maka a take. Daga nan shiga Sent kaga saƙon da alamar ɗan ƙarfen a gefensa, ka ɗan jira minti biyu ko uku ko saƙon Mailer-Daemon, wato sanarwar cewa saƙonka bai isa ba, zai dawo, in ya dawo toh yawanci adireshi ne ba daidai ba ko nauyi yayi yawa.

In a shago ko ofis kayi aikin, sa naka adireshin a layin Bcc, wato layin kwafin ɓoye, don kwafi ya shigo wayarka, kuma kafin ka fita kace a goge sikanin a gabanka harda cikin Recycle Bin, takarda mai lambar NIN ko ta banki bai kamata ta zauna a kwamfutar da kowa ke taɓawa ba. Asalin takardarka kuma ɗaga murfin sikana ka ɗauke ta, ina da ambulan guda a durowa cike da waɗanda aka manta, harda takardar haihuwa guda biyu da har yanzu masu su basu dawo ba.