Inda ake yawan tuntuɓe wajen harhaɗa VCA da LM13700

Wanda ya saba da ayisin (IC) ƙara sauti irin 4558 ko TL072, in ya ɗauki LM13700 sai ya ɗauka duk kanwar ja ce. A nan matsalar take farawa. VCA da'ira ce da ke ɗaga sauti ko sauke shi gwargwadon wutar da aka ba ta, ita ce ke sa muryar jita ta riƙa rawa a tremolo, kuma LM13700 da karan (kwararar wuta) ake sarrafa shi, karan kuma yake fitarwa.

Ayisin rabi biyu ne iri ɗaya, ƙafa ta 1 da ta 16 su ne linzamin kowane rabi. Karan da ya shiga nan shi ke yanke ƙarfin sauti, kuma iyakarsa miliamp 2 ne. Na taɓa jona wayar sarrafawa kai tsaye ba resista, ko hayaƙi ban gani ba, amma rabin ayisin ya tafi ke nan. A wutar +12 da -12, resista 22k na tsayar da shi kusa da miliamp 1.

Sai kuma kukan da na fi ji: na sauke wutar sarrafawa zuwa sifili amma sauti ya ƙi mutuwa. Dalili shi ne ƙafar nan tana zaune kamar bolt 1.2 sama da layin -12, don haka ko a sifili akwai fiye da bolt 10 a kan resistar, karan na kwarara abinsa. A sa transista PNP irin 2N3906 a tsakani, ita za ta datse shi ƙaf idan wutar ta sauka.

Ɗura masa sauti da yawa ma ya zama ruwan dare. Bakinsa ƙarami ne ƙwarai, da an wuce milibolt 10 zuwa 20 sai sauti ya fara gurɓata, kamar lasifikar da ta yage. Resista 100k a hanyar shiga, da om 220 zuwa ƙasa, za su mayar da bolt 5 kamar milibolt 11. Ƙafafun shiga biyu ne, ɗayar ita ma a ba ta om 220, kada a bar ta a sake.

Abin da ya fi cin raina shi ne bugun nan, dum dum, da ke biyo kowane motsi na wutar sarrafawa. Mutane kan yi ta canza kapasita a banza, alhali transistoci biyun da ke bakin ayisin ne ba su yi daidai ba. Ɗauko ƙaramin resista mai juyawa na 100k, ka ɗora shi tsakanin +12 da -12, ka kai tsakiyarsa ƙafar shigar da ba ta ɗauke da sauti ta resista 220k. Cire jita, bar osileta, mai motsa wutar sarrafawa sama da ƙasa, na kaɗawa, sa kunne a lasifika, ka riƙa murzawa da sukundireba a hankali har bugun ya nutse. Bari allon ya ɗan ɗumama tukuna, domin zafi na taɓa shi.

Ƙafa ta 5 karan take fitarwa, sai an ba ta resista zuwa ƙasa kafin a samu wutar da za a ji. In ka bi ta ƙafa ta 7 da ta 8, wato mashiga da mafitar bafa (transistocin da ke tallafa wa sautin fita) da ke cikin ayisin, ta 8 na son 4.7k zuwa -12, da kapasita kafin jak. Kada a manta da 100nF a ƙafa ta 6 da ta 11, dab da jikin ayisin.