Takwarori a gida ɗaya: kurakuran raɗa wa na'urori suna a kanel ɗin Linux

A gidan Bahaushe idan aka sami Muhammadu biyu, ba a rasa dabara: wannan Babba, wancan Ƙarami. Kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke haɗa manhajoji da na'urorin kwamfuta, ba ya yi maka wannan dabarar da kansa. Tun fitowar sigar 2.6 a Disambar 2003, kowace na'ura da aka yi wa rajista tana samun folda tata a ƙarƙashin /sys, inda kanel yake jera na'urorin da ya sani, kuma folda ɗaya ba ta ɗaukar abu biyu masu suna iri ɗaya. Daga nan yawancin rigimar take tasowa.

Kwanakin baya wani ƙanina a sana'a ya kira ni daga Farin Gada. Yana haɗa ƙaramar kwamfuta da za ta riƙa karanta bayanan inbata biyu na sola. Ya ce, "Yaya, ta ga ta farko, ta biyun kuwa kamar ba a jona ta ba." Na ce ya buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, ya karanto mini. Sai ga layin nan: "sysfs: cannot create duplicate filename", a bayansa kuma -EEXIST, wato lamba -17. Ma'anarsa ɗaya ce: akwai mai wannan sunan a gidan.

Abin da ya yi shi ne ya yi wa na'urorin platform guda biyu (irin na'urorin da kanel ba ya gano su da kansa, sai an sanar da shi) rajista da suna ɗaya, duka da lambar PLATFORM_DEVID_NONE, wato -1. Wannan lambar tana gaya wa kanel cewa na'urar tilo ce, kada ya ƙara mata komai a suna. Gyaran ba wuya. Ba su 0 da 1, su zama inbata.0 da inbata.1, ko ka yi amfani da PLATFORM_DEVID_AUTO kanel ya zaɓa musu lamba da kansa.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne su ce ai iyayen na'urorin, wato na'urorin da suke rataye a ƙarƙashinsu, daban ne, kowacce tana cikin foldar uwarta, to ina karon? Karon yana wani wuri. Kanel yana ajiye mahaɗi mai ɗauke da sunan kowace na'urar platform a /sys/bus/platform/devices, haka ma a /sys/class ga na'urorin aji ɗaya, kuma can duk a tsakar gida ɗaya suke zaune. Sunan dole ya zama babu irinsa a duk bas ɗin (hanyar da na'urorin suke haɗuwa da kwamfuta) ko ajin. Shi ya sa na'urorin bas ɗin I2C suke da suna irin 1-0048, lambar bas haɗe da adireshi.

Kuskuren da ya fi ba ni ciwon kai kuwa shi ne ƙirga na gida, domin ba ya nuna kansa ranar gwaji. Mai rubuta direba, wato manhajar da ke sarrafa na'ura, ya ajiye lamba, idan aka jona na'ura ya ƙara ɗaya, idan aka cire ya rage ɗaya. Duba yadda take kayawa. An jona biyu, sun sami 0 da 1, ƙirga ya kai 2. An cire ta farko, ƙirga ya dawo 1. An mayar da ita, direba ya raɗa mata 1, alhali mai lamba 1 tana nan daram. Wata uku ana aiki lafiya, rana ɗaya yaron shago ya zare waya ya mayar, komai ya tsaya. Kanel yana da abin da aka gina don wannan aikin, IDA: ida_alloc ya ba ka lambar da babu kowa a kanta, ida_free ya mayar da ita idan an gama. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya rubuta nasa ba.

Akwai kuma wanda ya manta device_destroy ko class_destroy, masu goge na'ura da ajinta, wajen sauke modul (guntun kanel da ake lodawa a sauke), sai lodi na biyu ya tarar da tsohon suna yana nan. Sannan idan device_register mai yi wa na'ura rajista ya gaza, put_device mai sakin riƙo ake kira, ba kfree mai gogewa kai tsaye ba, don kobject ɗin, wato abin da ke wakiltar na'urar a cikin kanel, ya riga ya fara ƙirga masu riƙe da shi.

Wanda ba ya rubuta direba ma bai tsira ba. Sunaye irin ttyUSB0 (wayar siriyal ta USB), sda (faifai) da eth0 (katin sadarwa) ana raba su ne bisa wanda ya fara amsawa lokacin kunnawa. A Jos da ake ɗauke wuta ana kawowa, kwamfuta za ta iya tashi yau ta ba inbatar hagu ttyUSB0, gobe ta ba ta dama, bayanan wannan su shiga rumbun wancan ba tare da wani saƙon kuskure ba. Wannan ya fi -EEXIST haɗari, domin -EEXIST aƙalla yana ihu. Ga faifai, sa UUID, lambar shaidarsa da ba ta bin jerin kunnawa, a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera faifan da za a ɗora. Ga katin sadarwa, tun siga ta 197 ta systemd, manhajar da ke tayar da tsarin, a 2013 ake samun sunaye irin enp3s0 masu bin ramin da katin yake. Idan za ka raɗa naka da udev, manhajar da ke kula da sunayen na'urori, kada ka zaɓi eth0 ko eth1, domin kanel ma yana rabon waɗannan sunayen a lokaci guda kuma za ku yi karo. Ka ce lan0, kuma kada ya wuce haruffa 15.

Don kauce wa musayar ttyUSB0, ƙanin nawa ya koma /dev/serial/by-id, inda ake raɗa wa waya suna bisa shaidarta, sai ya ga suna ɗaya kacal maimakon biyu. Wayoyin da ya sayo a Terminus masu guntun CH340 ne, wanda ba shi da lambar siriyal tasa, don haka a idon udev tagwaye ne sak. Muka koma /dev/serial/by-path, wanda yake bin ramin USB da aka soka wayar. Sharaɗinsa shi ne kowace waya ta zauna a raminta, don haka muka manna salatif a jikin kwamfutar, muka rubuta "hagu" da "dama" a saman ramukan biyu.