Yadda kotun ƙararrakin zaɓen gwamna ke aiki, da inda ƙara ke tuntuɓe

A Najeriya, kotun sauraron ƙararrakin zaɓen gwamna ta wucin gadi ce. Ana kafa ta a jiha domin zaɓe guda, tana gama yanke hukunci ta watse. Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ne ke naɗa alƙalanta uku, kuma alƙalin Babbar Kotu ne ke jagorantarsu.

Kafin ka biya lauya ko kwabo, tabbata ƙorafinka na cikin huruminta. Aikinta ɗaya ne: duba ko an zaɓi gwamna bisa ƙa'ida. Ɗan takara ko jam'iyyar da ta shiga zaɓen ne kawai ke da bakin shigar da ƙara. Rikicin fidda gwani kuwa ba nata ba ne, shi ana kai shi kotu ta daban cikin kwana 14 da faruwarsa.

Sai lissafin kwanaki, wanda sashe na 285 na tsarin mulkin 1999 ya gindaya. Kana da kwana 21 daga ranar da aka bayyana sakamako, kuma takardar ƙara za ta tafi tare da rantsattsen bayanin shaidu da jerin takardun da za ka dogara da su. Kotun tana da kwana 180 daga ranar shigarwa. In ba bala'i, yaƙi ko dokar ta-ɓaci ce ta hana zama ba, ba a ƙara ko yini ɗaya, don haka wanda ya tara shaidu ɗari uku alhali lokacinsa na ashirin ne, kansa ya cuta. Zaɓi rumfunan da hujjarka ta fi ƙarfi, ka kawo wakilan da suka tsaya a wurin suka gani da idonsu.

Hukunci na masu rinjaye ne, biyu cikin uku sun isa. Amma a sa ido kan wanda ya zauna kowace rana. A shari'ar Osun ta 2019, kotun ta bai wa Ademola Adeleke nasara da alƙalai biyu, sai aka rushe hukuncin domin alƙalin da ya karanta shi bai halarci ɗaya daga cikin zaman ba. Lauya mai lura yana rubuta sunayen alƙalan da suka hau kujera a kowane zama.

In an kayar da kai, Kotun Ɗaukaka Ƙara tana da kwana 60, Kotun Ƙoli ma 60. Ƙarar ɗan majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa, ta gwamna ce ke kaiwa ƙoli. Kano ta ga haka: kotuna biyu sun tsige Abba Kabir Yusuf a 2023, Kotun Ƙoli ta mayar masa da kujerarsa ranar 12 ga Janairu, 2024.