Kafin ka taɓa ƙasa, fara da rumfar kayan aiki

Duk shekara, da sanyi ya fara janyewa, ba lambu nake fara nufa ba. Rumfar kayan aiki nake buɗewa, in ware kwana biyu cur ga injuna da ƙarafa kafin fartanyata ta taɓa ƙasa. Lokacin shuka gajere ne, kuma ranar da ƙasa ta yi daidai ba ta jiran wanda injinsa ke wurin bakanike.

Abin da ya koya mini haka ya faru ne wata shekara da ƙaramin injin huɗata ya ƙi tashi. Na ja igiya har kafaɗata ta riƙe, ko tari bai yi ba. Da aka kwance kafireta sai ga wani danƙo kamar ƙaro ya toshe hanyar mai, kuma ba komai ba ne illa fetur ɗin da na bari a ciki wata huɗu. Kwana tara na yi ina jiran gyara, shukata ta makara, har yau ina jin zafin abin.

Don haka da fetur za ka fara. Mutane da yawa ba su yarda yana lalacewa ba, amma daga wata guda yake fara sauyawa. Ɓangarensa mai saurin kama wuta yana bin iska, abin da ya rage ya yi kauri. Wanda aka gauraya da itanol, wani nau'in barasa, ya fi saurin ɓaci, domin yana jan danshi. Buɗe murfin tanki ka sansana. Idan ka ji wari mai tsami irin na tsohon fenti, ko ka ga launinsa ya yi duhu, tsiyaye shi cikin jarka. Kada ka zubar a ƙasa, balle kusa da rijiya. A ƙasan kafireta akwai ɗan kwano da noti ɗaya ya riƙe. Rufe makunnin mai, kwance kwanon, ka goge lakar da ta kwanta a ciki. Za ka ga wani ɗan bututun tagulla mai huda ƙarama ƙwarai, nan ne yawanci matsalar take. Tsarge hudar da siririn zaren waya mai laushi. Ban yarda da allura ba, tana faɗaɗa hudar, daga nan inji ya riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi.

Amma kafin ka sa hannu a kowane inji, cire hular filogi. Wannan ba na wasa da shi. Injin yankan ciyawa yana iya tashi idan aka juya wuƙarsa da hannu, kuma yatsa ba ya tsirowa.

Cire murfin saman injin ma ka leƙa. Ɓeraye suna son yin sheƙa a wurin idan inji ya daɗe a ajiye, su tara tsumma da ciyawa tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke sanyaya shi, wani lokaci har su ci waya. Waɗannan ƙananan injuna da iska suke hucewa, in hanyar ta toshe sai su yi zafi su ƙone.

Sai baƙin mai. Duba sandar awo tukuna ka tabbata akwai mai, sannan ka tayar da injin a fili, ya yi minti biyar ya ɗumama, domin mai ɗumi ya fi fita da dattinsa. A fili na ce, ba cikin rumfa a rufe ba, saboda hayaƙin inji yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke kisa ba tare da mutum ya ankara ba. Kashe shi, juye tsohon man, ka zuba sabo injin yana zaune a wuri mai daidai. Ni baƙin mai mai lambar 10W-30 nake sa wa nawa, kuma yawancin irin waɗannan injuna abin da suke sha bai wuce rabin lita da ɗan ɗoriya ba. Kada ka cika fiye da alama. Ina canzawa bayan awa 50 na aiki, ko sau ɗaya a shekara ko da awannin ba su cika ba, kuma ina rubuta ranar da alli a bangon rumfa.

Filogi kuwa shi ke ba ka labarin cikin inji. Idan bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske, lafiya lau. Idan ya yi baƙi da kunkunniya, fetur ya fi iska yawa, kuma sau da yawa matatar iska ce ta toshe. Ta soso a wanke ta da sabulu, ta bushe sarai, a ɗan shafa mata baƙin mai a matse. Ta takarda ba a wanke ta, a kakkaɓe ko a sake sabuwa. Tazarar bakin filogi a yawancinsu milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Wajen mayarwa fara ɗaura shi da yatsu, sai ya zauna sannan ka sa sifana, don kada ka cinye zaren ramin.

Zarton inji da injin sassabe na rataye a kafaɗa yawancinsu ba su da wurin baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya musu nasu man na musamman. Awon da aka fi sani shi ne 50 da 1, wato mililita 20 na mai a kowace litar fetur, sai dai in takardar injinka ta faɗi wani awon. Jarkar wannan haɗi na yi mata jan fenti, domin in aka kuskura aka zuba musu zallan fetur, cikin 'yan mintoci fistin zai kafe.

Wuƙar injin yankan ciyawa ina wasa ta a farkon kowace shekarar aiki. Karkata injin ta yadda matatar iska za ta kalli sama, in ba haka ba mai zai malalo ya jiƙa ta. Tokare wuƙar da guntun katako, kwance notin, ka bi bakin da magagari bisa karkatar da ya zo da ita. Ba sai ta yi kaifin aska ba. Bayan haka rataya ta a kan ƙusa ta ramin tsakiya. Ɓangaren da ya rinjaya ƙasa shi za ka ƙara gogewa har ta tsaya daidai, domin wuƙar da ta fi nauyi a gefe ɗaya girgiza take sa inji har ta lalata shi. Kuma a yankan farko kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawar.

Injin ban ruwa abu ɗaya zan ce a kansa: cika cikinsa da ruwa kafin ka tayar. In ya yi gudu a bushe, abin da ke hana shi yoyo zai ƙone. Bi tiyo da ido ka nemi tsaga, ka hura wa tayar baro iska, ka sa giris inda ake sawa.

Kayan hannu su na fi jin daɗin gyarawa. Nakan zauna da adda, fartanya, gatari, shebur da almakashin aske reshe, in kankare tsatsa da burushin waya, in wasa su ɗaya bayan ɗaya. Har shebur ina wasa bakinsa, duk wanda ya gwada zai ji bambancin a bayansa. Ƙotar da ta tsage ko gara ta taɓa, cire ta yanzu. Kan gatari da ya fita daga ƙota yana tsakiyar sara ba ya zaɓar inda zai faɗa. Sannan ka zagaya shinge ka girgiza kowane dirka, kuma in za ka ɗaga tarin itace ko tamfol da ya daɗe a ƙasa, fara taɓa shi da doguwar sanda, don macizai suna fitowa da zuwan ɗumi.

Sai a rana ta uku nake zuwa ga ƙasa, ita ma ba na yi mata gaggawa. Ɗebi cikin hannu daga zurfin taƙi ɗaya ka dunƙule. Idan ka taɓa curin da yatsa ya wargaje, ta yi. Idan ya tsaya kamar yumɓu yana sheƙi, bar ta ta ƙara shan iska, domin ƙasar da aka huɗa tana jiƙe dunƙulewa take yi ta taurare, saiwa ta kasa ratsa ta har ƙarshen shekara. Takin da ya ruɓe sosai, wanda ya daina wari da zafi, shi nake bazawa, kaurin yatsa biyu. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona tsiro, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta. In dole sai ka sa shi, bari a sami kwana 120 tsakaninsa da girbin duk abin da ke taɓa ƙasa, kamar latas da karas.

Ragowar irin bara kuma gwada shi kafin ka dogara da shi. Ƙirga ƙwaya goma, naɗe su a tsumma mai danshi, ajiye a wuri mai ɗumi, ka duba bayan kwana bakwai zuwa goma. In bakwai ko fiye suka tsiro, shuka abinka. In biyar ne, ninka yawan da za ka zuba. Ƙasa da haka nemi sabo. Dashen da ka raina a inuwa kada ka kai shi rana kai tsaye. Riƙa fito da shi awa biyu a ranar farko, kana ƙarawa kullum har mako guda, sannan ka dasa da yamma, ka ba shi ruwa a gindi nan take.