Kurakuran da aka fi yi wajen sayen agogon GPS na masu gudu da hawan dutse

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya karanta kwanakin batir da aka rubuta a jikin kwali, ya ce shi ke nan ya samu. Kamfanoni irin su Garmin da Coros da Suunto da Polar lissafi biyu suke bayarwa: kwanakin da agogon zai yi a hannu yana nuna lokaci da saƙonni kawai, da kuma awannin da zai yi GPS na kunne. Mai shirin gudun kilomita 100 ko kwana biyu a tsaunuka, lissafi na biyun ne nasa. Shi ma kashi-kashi ne, domin kama siginar tauraron ɗan Adam ta zango biyu a lokaci guda, waɗanda ake kira L1 da L5, ya fi cin caji, sauraron kiɗa da tsananin sanyi kuma su ƙara zuƙe shi. Gyaran mai sauƙi ne: ka ƙirga yini mafi tsawo da za ka yi a waje, ka ɗora rabinsa a kai, sannan ka nemi agogon da zai kai haka a yanayin da za ka riƙa kunnawa. Apple Watch Ultra na farko, wanda ya fito a 2022, awa 36 kamfanin ya ce yana yi a amfanin yau da kullum, kuma sai kana da iPhone. Ga mai fita da safe ya dawo da yamma ya wadatar. Ga mai tafiyar mako guda, sai da guzurin caja.

Cajin hasken rana ma yana yaudarar mutane. Lissafin Garmin ya ginu ne a kan awa uku a kullum cikin rana mai ƙarfi. In hannun rigarka ya rufe agogon, ko a inuwar daji kake gudu, abin da za ka samu bai taka kara ya karya ba.

Sai batun fuska. A cikin shago, fuskar AMOLED, mai fitar da haskenta da kanta, ce ke ɗauke ido, launukanta kamar na waya. Fuskar MIP kuwa, mai dogaro da hasken waje, sai ka gan ta dishi-dishi, ka raina ta. Fita da ita rana tsaka ka gani: ƙarin haske ƙarin bayyana, kuma ba ta cin batir sosai. Kowace da ranarta. Mai duba taswira da asuba ko cikin duhu zai fi jin daɗin AMOLED. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne agogon da ba ya sarrafuwa sai da shafa. Da jiƙaƙƙen yatsa ko safar hannu, maɓalli ne kaɗai ke cetonka.

Inda na ƙone da kaina shi ne girma. Na taɓa sayen ƙaton agogo don batirinsa, alhali wuyan hannuna siriri ne. Ina gudu yana rawa. Wata safiya ina sassarfa a hankali, ko haki ba na yi, sai ga shi yana nuna bugun zuciyata 172. Ashe takun ƙafata yake ƙirgawa. Koren hasken nan da ke bayan agogo jinin da ke gudana ƙarƙashin fata yake karantawa, kuma da zarar agogon ya yi sako-sako sai ya rikice. Sanyi da zanen jiki ma suna ruɗa shi. Ka ɗaura shi kamar yatsa biyu sama da ƙashin wuyan hannu, ka ƙara tsuke madaurin kafin ka fara. In horonka na gudu da hutawa ne, sayi madaurin ƙirji mai auna bugun zuciya, amma duba ko zai haɗu da agogon: agogunan Garmin suna karɓar hanyoyin haɗi biyu, ANT+ da Bluetooth, na Apple Bluetooth kawai. Batun girma kuwa, Fenix 8 na Garmin ya zo a milimita 43 da 47 da 51. Gwada a hannunka tukuna.

Zango biyun da na ambata ba kowa ke buƙatarsa ba. Amfaninsa a kwazazzabo ne, ko tsakanin dogayen gine-gine, inda sigina ke bugun dutse ko bango kafin ta iso gare ka, har taswira ta nuna ka ratsa ta cikin kogi. A fili fetal, bambancin kaɗan ne.

Rubutun 5 ATM, alamar juriyar ruwa da ke jikin agogo, ba izinin nutso mita 50 ba ne. Iyo ya halatta, nutso mai zurfi kuwa sai agogon da aka ƙera dominsa.

Tsayin da agogo ke nunawa a kan dutse daga matsin iska yake lissafa shi, shi ya sa in hadari ya taso za ka ga ka "hau" mita talatin kana zaune a cikin tanti. Ka saita shi a wurin da ka san tsayinsa kafin ka kama hanya, ka riƙa wanke ƙaramin ramin na'urar auna matsin iskar da ruwa don gumi da ƙura suna toshe shi. Taswirar yankin da za ka je kuma ka sauke ta tun kana gida, ka buɗe ta a agogon ka tabbatar ta shiga.